Ƙashi, saiwa da shayi: tarihin romon da ban taɓa sha ba

1/ Na daɗe ina yi muku alƙawarin wannan zaren, yau dai an gama jarabawa na samu kaina. Tarihin wani abinci zan ba ku, na Sinawan Maleshiya da Singafo, sunansa bak kut teh. Farfesun haƙarƙarin alade ne da ake dafawa da saiwoyin magani. E, alade na ce. Ku ɗan ajiye duwatsun tukuna.

2/ Tun kafin a cika min akwati da tambaya: ban ci ba, ban ɗanɗana ba, kuma ba zan ci ba. Amma na zauna a bakin shagon da ake sayar da shi kusan awa biyu ina kallo, kuma na shafe semista guda ina bin asalinsa.

3/ Yadda aka yi shi ne, akwai wani kwas na tarihi da zamantakewar Maleshiya da ake sa mu ɗaliban waje mu yi dole. Malamar ta ce kowa ya ɗauki abu ɗaya da ake gani yau da gobe ya tono daga ina ya fito. Na rasa abin ɗauka. Abokin ɗakina, Basine haifaffen garin Klang, ya ce min cikin zolaya, "Ka yi a kan romonmu mana, in ka isa."

4/ Mutumin nan shekara biyu muna ɗaki ɗaya. Bai taɓa sa naman alade a firjinmu ba, ni kuma ban taɓa roƙonsa ba, shi ya ga dacewar hakan. Ya ci ɗanwakena, ya ci shinkafa da wake da mai da yaji har yana hawaye. Amma duk safiyar Lahadi danginsa gaba ɗaya suna haɗuwa a wani shago a Klang, kuma nan ne wuri ɗaya da bai taɓa iya gayyatata ba. Abin yana ɗan damun mu duka biyun, ba wanda ya furta.

5/ To mu fara da sunan. Yaren Hokkien ne, na mutanen kudancin lardin Fujian a ƙasar Sin. Bak nama, kut ƙashi, teh shayi. Wato "shayin nama da ƙashi". Sai dai babu ko ƙwayar ganyen shayi a cikin romon. Shayin a gefe ake sha, baƙi ba madara ba sukari, wai don ya wanke maiƙo.

6/ Bari in ɗan ratse, don wannan ya burge ni. Kalmar teh ɗin nan ce Turawan Holan suka ɗauka daga bakin 'yan Hokkien suka kai Turai, ta zama ti na Ingilishi. Yawancin sauran Sinawa kuwa cha suke cewa, ita ce ta bi ta Farisa da Larabawa har ta iso mana a matsayin shayi. Kenan in ka ce "mai shayi, haɗa min ti", ka yi yaren Sin biyu a jimla ɗaya ba ka sani ba.

7/ Yanzu tambayar ita ce me ya kawo 'yan Fujian Klang. Amsa a taƙaice: kuza. Irin dai wadda aka haƙa a Jos.

8/ Fujian ƙasa ce mai duwatsu, gonar noma kaɗan, mutane da yawa. Bayan Birtaniya ta ci Sin a yaƙin ofiyom na farko, yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta buɗe tashoshin ruwa biyar ga Turawa, ciki har da Xiamen, wadda a lokacin ake kira Amoy, babbar ƙofar Fujian. Ga yaƙin basasar Taiping daga 1850 zuwa 1864 ya ɗaiɗaita kudancin ƙasar. A 1860 kuma aka sa sarkin Sin ya amince talakawansa su fita ƙetare ƙwadago. Sai samari suka yi ta cika jirage.

9/ Yawancinsu ba su da kuɗin jirgi. Dillali ne zai biya maka, in an sauke ka ya sayar da bashin ga mai ma'adinai ko mai gona, ka yi ta aiki har ka biya. Ana kiran sabon zuwa sinkeh, sabon baƙo. Amma sunan da su kansu Sinawa suka ba wa wannan fatauci shi ne "sayar da 'ya'yan alade", saboda yadda ake cusa mutane a jirgi da ɗakunan jira. Da na karanta wannan sai da na ajiye littafin na ɗan yi shiru.

10/ Sai a 1877 Turawa suka buɗe ofis a Singafo don sa ido kan wannan harka, ƙarƙashin William Pickering, Bature mai jin Hokkien. Ba a soke tsarin ƙwadagon bashin ba sai 1914. Kada a ɗauka tausayi ne zalla: gwamnatin mulkin mallaka a Singafo wasu shekarun kusan rabin kuɗin shigarta daga harajin ofiyom yake fitowa, masu shan kuwa leburorin nan ne.

11/ Klang tana bakin kogin da ya ratsa ƙasar kuza ta Selangor, duk wanda ya riƙe bakin kogin shi ke karɓar haraji. A kan haka 'ya'yan sarauta biyu, Raja Mahdi da Raja Abdullah, suka fara yaƙi a 1867, ƙungiyoyin Sinawa masu haƙar kuza suka shiga, aka ƙone Kuala Lumpur, ba a lafa ba sai 1874. Daga nan Birtaniya ta shigo da sunan sulhu ta ajiye Razdan kusa da Sarki. Mu 'yan Arewa ba sai an fassara mana wannan salon ba.

12/ A 1880 aka mayar da hedikwata Kuala Lumpur, aka shimfiɗa layin dogo ya haɗa ta da Klang, sannan a 1901 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa mai suna Port Swettenham, sunan Frank Swettenham wanda ya yi Razdan a Selangor. Ita ce Port Klang ta yau, an canza sunan a 1972.

13/ A cikin fadama aka gina tashar. Watanni kaɗan da buɗewa zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ma'aikata har aka rufe ta. Wani likita Malcolm Watson ne ya sa aka yi magudanai aka busar da fadamar, shekara huɗu kacal bayan Ronald Ross ya gano sauro ke ɗauke da cutar. Ku riƙe wannan hoton: zafi, danshi, zazzaɓi, ga buhuna a kafaɗa tun asuba. A ƙarshen ƙarni na 19 fiye da rabin kuzar duniya daga Malaya take fita, daga baya roba ta biyo. Duk a bayan ɗan adam ake loda su.

14/ Af, ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Birtaniya ta rasa babbar ma'adinar kuzarta ana tsakiyar yaƙi. Ina ta juya? Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwasar talakawa daga lardunan Arewa a kai su aikin dole a ramukan kuza, abin da kakanninmu suka kira ɗiban gwamna. Sanyin Filato da yunwa sun kashe da yawa. Kakan wani a cikinku ya je, ku tambaya a gida.

15/ To mu dawo kan tukunya. Labari na farko, wanda kowane mai tasi a Klang zai ba ka: 'yan dakon tasha ne suka ƙirƙiro shi. Wai suna tsintar saiwoyin magani da suka zube daga buhuna, su sayi ƙashin da mahauta suka rage, su tafasa su sha da safe don samun ƙarfi da maganin sanyin ƙashi. Wasu su ƙara da cewa wani mai maganin gargajiya ne ya tausaya musu ya rubuta haɗin.

16/ Ni dai wannan labarin ya yi min daɗi da yawa. Mutumin da ke cin shinkafa da busasshen kifi yana ƙirga kwabo don ya biya bashi ya aika gida, ba kullum zai ga nama ba, ko da ƙashi ne. Kuma dafa nama da saiwoyi tsohuwar al'ada ce a Fujian, ba sai an jira buhu ya yage ba. Abin da na fi yarda da shi: mutane sun zo da girkin gidansu a ka, tasha ta ba su kasuwa, sai da aljihu ya ɗan yi nauyi abin ya zama na kullum.

17/ Labari na biyu yana da suna a ciki. Wani Lee Boon Teh, ɗan Fujian, ya riƙa sayar da romon a tsohon garin Klang wajen shekarun 1940. Mutane suna kiransa "Teh mai ƙashi", kamar yadda za mu ce Audu mai nama. Sunansa Teh da kalmar shayi sun yi kama a baki, sai sunan mutum ya koma sunan abinci. Jikokinsa har yau suna sana'ar a garin, kuma 'yan Klang da wannan suke kafa hujja.

18/ Labari na uku na Singafo ne, su kuma sun ce 'yan dakon bakin kogin Singafo ne, 'yan ƙabilar Teochew, masu sauke kaya daga kwale-kwale zuwa sito. In kana son ka ga Basinen Klang ya tashi tsaye yana nuna ka da tsinken cin abinci, ka maimaita masa wannan. Na gwada a ɗaki. Kwana biyu yana turo min bidiyo.

19/ Gaskiyar magana romo biyu ne masu suna ɗaya. Na Klang baƙi ne, mai kauri, da ruwan waken suya da tafarnuwa dunƙule-dunƙule, kirfa, kanumfari, wani kayan ƙamshi mai siffar tauraro, da saiwar dang gui wadda ita ce ke ba shi wannan warin na kantin magani. Na Singafo kuwa fari ne garau, tafarnuwa da farin masoro kawai, mai yaji a maƙogwaro. Kuma 'yan Teochew su ne suka riƙe noman masoro a Singafo da Johor a ƙarni na 19, don haka ba abin mamaki ba ne.

20/ Lokacin da ake gardamar ma ƙasashen biyu ba su rabu ba. Malaya ta samu 'yanci a 1957, aka kafa Maleshiya a 1963 da Singafo a ciki, aka rabu ranar 9 ga Agusta 1965. Romon ya girmi iyakar.

21/ Yanzu ranar da na je. Lahadi, mun kama jirgin KTM Komuter daga KL Sentral da sassafe, kusan awa ɗaya. Kana fitowa tashar Klang, kafin ka ga shago hancinka ya riga ya gaya maka. Wallahi warin kamar ka shiga rumfar masu maganin gargajiya a Kurmi an kuma ɗora farfesu a gefe.

22/ Shagunan irin tsofaffin benayen nan ne, ƙasa kanti sama gida, da baranda mai rufi a gaba wadda Malayawa ke kira kaki lima, ƙafa biyar. Ba ƙofa, ba na'urar sanyaya ɗaki, fanka ce kawai a sama. Teburi zagayayye, kujerun roba. Mai Marsandi da mai babur duk layi ɗaya, in teburi ya cika a haɗa ka da baƙi. Abincin safe ne, da yawansu kafin azahar sun kife tukunya sun rufe.

23/ Abin da ya fi ɗaukar hankalina butoci ne. Kusa da kowane teburi akwai buta a kan ƙaramin murhun gas tana tafasa. Kai za ka haɗa shayinka. A ƙona 'yan kofuna da ruwan zafi, kofin bai fi murfin kwalba girma sosai ba, a zuba ruwan farko a zubar, na biyu ake sha. Tsofaffi da ganyensu suke zuwa daga gida a aljihu, yawanci Tieguanyin na Anxi, can Fujian ɗin dai. Duk wanda ya taɓa zama majalisar shayin Buzaye zai gane yanayin: shayin dalili ne, zaman shi ne abin.

24/ Ba a cewa "a ba ni kwano ɗaya". Gaɓa ake kira: tua kut babban ƙashi, pai kut haƙarƙari, ko ƙafa, ko kayan ciki. A tsohon salo kowace gaɓa a ɗan kwanonta take zuwa da romo kaɗan mai kauri. Tukunyar yumɓu mai laimar kwaɗi da ganye daga baya ta shigo. Sai shinkafa da soyayyar albasa, ɗan faranti na barkono da tafarnuwa, da wani dogon soyayyen ƙulli kamar fanke da ake tsomawa. Akwai ma na busasshe da ake ƙafar da romon a sa busasshen barkono da kuɓewa. E, kuɓewa.

25/ Muna zama sai mai shagon, wata dattijuwa, ta ƙare min kallo ta yi wa abokina magana da sauri da yarensu. A nan duk dattijuwa Anti ce, duk dattijo Ankul. Ya ce tambaya take ko ni Musulmi ne. Na ce e, Anti. Sai ta ɗaga hannu biyu tana girgiza kai, tana nuna min shagon Indiyawa Musulmi a tsallaken titi. Ta fi ni tsorata.

26/ Da aka yi mata bayani kallo na zo yi don makaranta, ta sa aka fitar min da kujera can bakin baranda, ta kawo lemon gwangwani a rufe da tsinken zuƙa a ledarsa, ta ajiye ba ta buɗe ba. Ko kofin shayinsu ba ta yarda a miƙo min ba. Na so in biya ta ƙi.

27/ Sai daga baya na fahimci dalili. Musulmin Maleshiya Shafi'awa ne, a wajensu alade najasa ce mai nauyi, abin da ya taɓa sai an wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa, suna kiran hakan sertu. Mu da muka tashi a Malikiyya haramcin ci muka fi sani, ba mu saba da wannan tsananin a kan kwano da cokali ba. Shi ya sa a nan ba nama kaɗai ake gudu ba, har kicin ɗin. Antin ta san dokar maƙwabtanta sarai, ba ta son abin da zai jawo magana.

28/ Kakar abokina, mai shekara tamanin da wani abu, ta sa aka juyo da kujerarta wajena. Shi yake fassara. Ta ce a Pandamaran ta girma, kuma tana yarinya akwai waya mai ƙaya kewaye da garin. Na ɗauka tsufa ne. Na koma na duba, ashe gaskiya ne.

29/ Daga 1948 zuwa 1960 Birtaniya ta yi yaƙi da 'yan gurguzu a dazukan Malaya, mafi yawansu Sinawa. Don a yanke musu abinci, a 1950 Janar Harold Briggs ya kawo shirin kwashe Sinawan karkara, kusan mutum rabin miliyan, a zuba su a "sababbin ƙauyuka" masu shinge da dokar hana fita. Pandamaran, tsakanin Klang da tasha, ɗaya ce daga ciki. Yau in ka ce Pandamaran, bak kut teh mutane ke tunawa. Mutanen da aka tara wuri ɗaya ba gona, sana'ar hannu da kiwo da sayar da abinci suka kama.

30/ A Singafo hanyar daban ce. Masu tura kura a titi ne suka riƙe shi. Song Fa, wanda yanzu 'yan yawon buɗe ido ke yi wa layi, da kura ɗaya ya fara a 1969, a 2016 ya shiga jerin Michelin na abinci mai kyau da araha. Daga 1977 zuwa 1987 gwamnatin Lee Kuan Yew ta share kogin Singafo, ta kori kwale-kwalen, ta mayar da masu abincin titi rumfunan gwamnati. A shekarun 1980 ta rufe kiwon alade gaba ɗaya. Wato ƙasar da ke iƙirarin romon ba ta kiwon dabbar, shigo da ita take.

31/ Sai babbar musiba. A ƙarshen 1998 masu kiwon alade kusa da Ipoh suka fara zazzaɓi da kumburin ƙwaƙwalwa suna mutuwa. Hukuma ta ɗauka cutar sauro ce, aka yi ta feshi da rigakafi, mutuwa ba ta tsaya ba. Manoma suka yi ta sayar da dabbobinsu da araha, cutar ta bi su zuwa jihar Negeri Sembilan.

32/ Wani likita a Jami'ar Malaya, Chua Kaw Bing, shi ya ware ƙwayar a watan Maris 1999 ya ɗauke ta da kansa zuwa Amurka aka tabbatar sabuwa ce. Aka sa mata sunan ƙauyen Sungai Nipah. Ita ce cutar Nipah da kuke ji yanzu a Indiya da Bangaladash. Daga jemagu ta faɗo wa aladu, daga aladu ta kama mutane. Mutum 265 suka kamu, 105 suka mutu, sojoji suka hallaka aladu fiye da miliyan ɗaya. Singafo ta rufe iyaka ga aladun Maleshiya.

33/ Kakar ta ce a watannin nan titin da muke zaune ba kowa, butoci a kife. Masu shago da dama suka koma dafa kaza da saiwoyin don kada su rufe. Nau'in kazar shi ake kira chik kut teh, kuma shi ne ƙofar da wasu Musulmi suka bi suka san ɗanɗanon haɗin.

34/ Amma ko da kaza ne ko rago, in ka rubuta bak kut teh a allo ba za ka samu shaidar halal daga JAKIM ba, hukumar da ke kula da harkokin Musulunci. Hujjarsu sunan zai rikita mutane. Bak nama ne kawai a ƙamus, amma a bakin Bahokkiye in ya ce nama bai fayyace ba, alade yake nufi. Hukumar ba ta wasa da suna: a 2016 sai da Auntie Anne's suka canza sunan wani abincinsu saboda akwai kalmar kare a ciki.

35/ Siyasa ta shigo sosai a 2008 da 2009. A Nuwamba 2008 ƙungiyar 'yan kasuwar Sinawa ta Klang ta dafa kwano guda mai nama kilo 500 don shiga kundin bajinta na Maleshiya. A Satumba 2009 ministar yawon buɗe ido Ng Yen Yen ta fito ta ce wasu ƙasashe suna sace wa Maleshiya abincinta, ta lissafa har da wannan. Kowa ya san da wa take. Rigimar dafa-dukanmu da Gana ce sak, sai dai su har minista.

36/ Wancan da maƙwabta ne, ana yi ana dariya. Na cikin gida ba dariya. A 2023 ɗan majalisa mai wakiltar Tebrau, Jimmy Puah, ya nemi a sa romon a jerin abincin gado na ƙasa, wasu 'yan majalisa suka ce sam. A Fabrairu 2024 gwamnati ta sa shi a gazet ƙarƙashin dokar kayan tarihi ta 2005, tare da wasu abinci tara. Tara ɗin ba wanda ya tanka. Wannan ɗaya ya tayar da ƙura.

37/ Masu adawa, ciki har da shugaban matasan jam'iyyar UMNO Akmal Saleh, suka ce ƙasar da addininta a tsarin mulki Musulunci ne, kuma kusan kashi biyu cikin uku na jama'arta Musulmi ne, bai kamata ta kira abin da mafi yawa ba za su iya ci ba gadon ƙasa. Ministan yawon buɗe ido Tiong King Sing ya ce batun tarihi ne, ba na addini ko ƙabila ba, kuma ba a ce kowa ya ci ba.

38/ A ajinmu an yi wannan muhawarar har murya ta tashi. Wata Bamalaya ta ce, in an ce gadonmu ne ni ma an sa ni ciki, ni kuwa ko kusa da shagon ba na bi. Na fahimce ta, ni ma hancina bai so ba. Sinawa kuma, kusan kashi 23 cikin ɗari na 'yan ƙasa, abin da suka ji shi ne: kakanninku sun loda kuzar, sun mutu da zazzaɓin, amma abin da suka ci ba na nan ba ne.

39/ Ni abin da na rubuta wa malama shi ne, jerin gado rajista ce ta abin da ya faru a ƙasa, ba jerin abin da ya halatta a ci ba. Haramcin yana nan daram, gazet ba ta taɓa shi ba. Kuma romon nan a yadda yake yau ba a Fujian aka haife shi ba, tashar Klang da kogin Singafo ne suka yi shi. Ta ba ni maki mai kyau amma ta rubuta a gefe cewa na yi wa ɓangaren Malayawa rowar shafi. Da na sake karantawa, tana da gaskiya.

40/ Ranar dai da suka gama, dangin gaba ɗaya, har kakar da sandarta, suka tsallaka titi muka shiga shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi. A ƙoshe suke amma suka zauna suka sha teh tarik ni kuma na ci roti canai biyu. A Maleshiya mamak ne wurin da kowa ke iya zama teburi ɗaya. Baban abokina ya biya, ya ce baƙo ba ya biya a Klang.

41/ Bayan sati biyu abokina ya dawo daga gida da ƙunshin takarda. Kakar ce ta je kantin magani da kanta aka auna mata saiwoyin, ta ce a gaya wa yaron nan baƙi duk itace ne, ba abin dabba a ciki, ya dafa da kazarsa a tukunyarsa. Na zazzage na duba ɗaya bayan ɗaya, na nemi sunan kowanne. Itace ne.

42/ Na sayi kaza mai tambarin halal, tsohuwa mai tauri, na zuba tafarnuwa dunƙule uku, na bar ta awa biyu a wuta kaɗan. 'Yan Kanon da ke ɗakin gaba suka leƙo suna tambaya wa ke dafa maganin basir. Ɗaya ya ɗanɗana ya ce a miƙo masa yaji. Ni na sha kwano biyu, akwai ɗaci-ɗaci da zaƙi-zaƙi a ƙarshe, kuma na yi gumi kamar na yi dako.

43/ Mutumina ya kurɓa, ya yi shiru, ya ce, "Farfesu ne mai kyau." Na ce amma? Ya ce amma ba shi ba ne, kaza ba ta da ƙashin da zai ba da wannan kaurin. Ya ɗauki hoton tukunyar ya tura wa kakar. Ta aiko da saƙon murya wai ruwan ya yi yawa, in rage rabi, in kuma bar tafarnuwar da ɓawonta.

44/ Ta kuma ce in na je hutu in kawo mata wannan jan garin da ya sa jikanta kuka. Na riga na gaya wa Hajiyarmu ta daka min yaji gwangwani biyu, ɗaya kada a cika barkono.